Mai Guga, Mai Ɗaga Mana Waƙa

Shekara ashirin da shida shagona yana manne da nata. Ni ina ɗinki, ita tana guga. Bangon katako ne tsakaninmu, kuma akwai wata kafa a jikinsa daidai kafaɗata. Idan na gama riga sai in tura ta cikin kafar, bayan ɗan lokaci ta dawo mini a ninke, da sauran ɗumi. Sunanta na baftisma yana cikin littafin coci, amma a layinmu Mai Guga kowa yake ce mata, har da Fada, limamin cocinmu. Ni Yaya nake kiranta, ko da yake wata takwas kawai ta ba ni, kuma ba ta taɓa yafe mini ko ɗaya daga cikinsu ba. Ita kuwa Tela take ce mini.

Yau sati shida da muka binne ta. Jiya ma na gama riga na tura ta cikin kafar, sai da na ji ta faɗi a ƙasa ta wancan ɓangaren na tuna. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani game da ita tun ban fara mantawa ba. Ban yi karatu mai nisa ba, zan faɗa yadda ya zo mini.

Da dutsen guga na gawayi ta yi aiki kusan duk rayuwarta. Ba ta taɓa gwada zafinsa da yatsa ba, kusa da kumatunta take kai shi ta ji. Kafin ta ɗora shi a kan rigar mutum sai ta juya ƙasan rigar, ta gwada a cikin kalmasa inda ido ba ya gani. Ita ce take goge mayafin bagade, wato teburin Misa, da rigunan mawaƙan cocinmu, kuma ba ta yarda kowa ya ninke mata su.

Amma aikinta da na fi so in faɗa ba a shago yake ba. A cocinmu ana yin Misa kowace safiya da ƙarfe shida. Ranar Lahadi coci yakan cika, amma a sauran kwanakin mu wajen goma sha biyar ne, yawancinmu tsofaffi, babu mawaƙa, babu kiɗa. Dole wani ya ɗaga waƙa, sauran su kama. Yaya ce take ɗagawa. Ba don muryarta tana da zaƙi ba. Ita da bakinta takan ce muryarta kamar ana jan benci ne a kan siminti. Sai dai duk waƙar da ta ɗaga, babu wanda yake sarewa a tsakiya.

Kullum ita ce farkon zuwa. Takan zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, ta gaida duk wanda ya shigo. "An tashi lafiya? Ya ƙafar? Ya mutanen gida?" Ba ta barin mutum ya wuce sai ya amsa da baki. Ungozoma, wata tsohuwa mai kaifin harshe wadda ta karɓi haihuwar rabin unguwarmu, takan ce, "Ke dai da an ɗauke ki aikin gadi da kin yi suna." Na daɗe ina zaton son gaisuwa ne kawai, har ranar da na tambaye ta ta cikin kafar bango.

"Yaya, waƙar da kika ɗaga yau ba ita ce ta jiya ba? Me ya sa yau ta yi ƙasa haka?"

"Ba ki ji gaisuwar Baba Direba ba? Mura ta kama ƙirjinsa."

Baba Direba tsohon direban babbar mota ne, muryarsa kamar daga cikin randa, numfashinsa kuma gajere.

"To don mutum ɗaya sai ki saukar mana da waƙa duka?"

"Tela, mai doguwar murya yana iya sunkuyawa. Mai gajeriya ba ya iya miƙewa. Duk wanda numfashinsa ya fi na kowa gajarta, shi ne shugaban waƙa a ranar. Ni dai bakinsa ce."

Ashe gaisuwar nan awo take yi. Tana jin wa ya kwana da tari, wa ya yi sauri a hanya yana haki, sai ta san inda za ta ɗora waƙar da inda za ta tsaya a sha iska. Shekara da shekaru tana yin haka, ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

A da, ranar Lahadi ma kusan haka ne. Mawaƙan coci sun ragu har sun koma mutum biyar da ganga ɗaya, waƙoƙin kuma waɗanda muka tashi da su ne, masu tafiya a hankali. Kowa ya san su, amma gaskiya matasa sun daina zuwa. Sai Fada ya damƙa ƙungiyar mawaƙa a hannun wani mai gyaran wuta da fanka, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ake kira Injiniya. Mutum ne mai ladabi da himma. Ya kawo kibod, wato abin kiɗan nan mai farare da baƙaƙen haƙora da ake jonawa da lantarki, ya kawo lasifika biyu da ganguna. Cikin wata huɗu mawaƙa suka kai talatin.

Ba zan yi ƙarya ba, abin da daɗi. Ranar da suka fara, tsigar jikina ta tashi. Ɗiyata da ta shekara biyu tana cewa ciwon kai duk ranar Lahadi, ita ce ta koma tana tashina. Sai dai sababbin waƙoƙin suna da sauri, kuma suna hawa sama inda makogwaronmu ba ya kaiwa. Mu na bencin baya muka gwada sati ɗaya, sati biyu, muka ji kanmu kamar awaki a bayan doki. Sai muka yi shiru. Muna tsaye, littafi a hannu, baki a rufe.

Kowa da yadda ya ɗauki abin. Wasu suka ce ai idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Baba Direba ya ce, "Haka ne. Mai ciwon gwiwa fa, a fitar da shi daga fili?" Ungozoma ta ce an mayar da ɗakin Allah gidan rawa, wai har haƙorinta ɗaya da ya rage yana kaɗawa idan an buga ganga. Wata kuma ta ce ita ta fi jin addu'a yanzu da take saurare kawai. Baba Direba dai ya koma zama a baranda ranar Lahadi. Da na tambaye shi, sai ya ce, "'Yata, shekara hamsin ina cin abinci a gidan nan da hannuna. Yanzu an ce in zauna in kalli ana ci. Gara in kalla daga waje, akwai iska."

Ungozoma ta sa aka rubuta takarda zuwa ga Fada, a mayar da tsofaffin waƙoƙi. Ta kawo shagon Yaya don ta sa hannu. Yaya ta ajiye dutsen guga a kan ƙarfensa, ta goge hannu, ta ce ba za ta sa ba.

"Ke da kike ɗaga mana su kullum?"

"Gwaggo, waɗannan da kike kira tsofaffi, ina yarinya aka kawo su. Kafin su da Latin ake yi. Ranar da aka fara waƙa da harshenmu, uwata ta ja hannuna muka fita, tana cewa an mayar da ɗakin Allah kasuwa. Bayan shekara goma, da su take yi wa ƙannena wanka. Ba sabuntarsu ce ta dame ni ba. Shirunmu ne."

"To ki zauna da shirunki," in ji Ungozoma, ta naɗe takardarta. Ban san ko ta kai wa Fada ba, amma labarin takardar ya zaga har kunnen mawaƙa.

A wannan lokacin ne likita ya gaya wa Yaya cewa hayaƙin gawayi ya gajiyar da huhunta, kuma abin ba mai warkewa ba ne, sai dai a lallaɓa. Autarta ta sayo mata dutsen guga na lantarki. Ta karɓa tana mita, wai ba shi da nauyi, kamar ana shafa riga da faranti. Wata rana da rana tsaka na ji gugar ta tsaya. Na leƙa, na gan ta ta dafa tebur tana jan iska. Da ta samu kanta, sai ta ce, "Tela, ba tafiyar nake tsoro ba. Ba na so in tafi in bar bencin baya da baki a rufe. Mutum ya zo gaban Ubangijinsa ya tsaya kamar baƙo a tashar mota? Ina so in ji Baba Direba yana waƙa ranar Lahadi, cikin coci, ko sau ɗaya, tun ina da kunnen ji."

Ga dabarar da ta yi. Mawaƙa suna koyon waƙa ranar Alhamis da la'asar. Sai ta riƙa kai musu rigunansu a daidai lokacin, ta zauna a baya wai tana hutawa. Ta zaɓi waƙa ɗaya da suke yi lokacin baiko, wato sa'ad da jama'a suke kai sadakarsu gaba, wadda take farawa da "Ga ni a bakin ƙofa, takalmina a hannu." Mu waƙar takalmi muke ce mata. Akwai wani wuri a tsakiyarta da take hawa sama sosai, Ungozoma ta sa masa suna hawan bene. Kwana da kwanaki ina jin Yaya ta bayan bango tana juya waƙar nan, dutsen guga yana tafiya yana dawowa, tana saukar da ita kaɗan-kaɗan har benen ya koma dakali.

Daga nan ta fara koya mana. Bayan Misar safe, minti goma, kafin kowa ya tafi aikinsa. Ungozoma ta ce ita ba za ta buɗe baki ba, amma a sati na biyu ita ce take gyara wa mutane kalmomi. Baba Direba ya fi kowa murna. Yaya ta sa masa wurin shan iska bayan kowane rabin layi, har yakan ce, "Yau na hau benen nan ban canza giya ba." Sati biyar muna yi. Muka yi shawara kada a gaya wa mawaƙa, mu ba su mamaki. Kyauta muka ɗauka za mu kai musu.

Abin da babu wanda ya yi tunaninsa a cikinmu shi ne wannan. Mu duk rayuwarmu, waƙa tana tsayawa ne inda mai ɗagawa ya ajiye ta, kuma idan jama'a suka ja baya, mai ɗagawa yakan jira su. Mun ɗauka idan mawaƙa suka ji mu, za su dawo inda muke, kamar yadda Yaya take yi. Ba mu san cewa mai kiɗa da lasifika a gabansa ba ya jin bencin baya sai abu ya riga ya lalace ba.

Ranar Lahadin, Baba Direba ya shigo ciki da kwat ɗinsa da Yaya ta goge masa. Lokacin baiko ya yi, kibod ya fara, mawaƙa suka kama. Yaya ta ɗaga kai ta ba mu alama, mu goma sha biyar muka buɗe baki da duk ƙarfinmu, a ƙasa, a hankali, yadda muka koya. Wayyo. Kamar an haɗa keken ɗinki biyu a kan riga ɗaya, kowanne yana ja gefensa. Mutanen tsakiya suka riƙa waiwaye. 'Yan matan mawaƙa suka rikice, wasu suka biyo mu, wasu suka bi kiɗa. Suka gama baiti muna tsakiyarsa. Injiniya ya ɗaga hannu daga kibod, coci ya yi tsit, sai muryar Baba Direba kaɗai, idonsa a rufe, yana ƙarasa "takalmina a hannu" daga cikin randarsa. Wasu yara suka fashe da dariya. Ya buɗe ido, ya duba hagu da dama, ya ɗauki hularsa ya fita. Bai tsaya ko a baranda ba.

A hanyar gida, da muka kai kwanar layinmu, Yaya ta tsaya. "Garin gyaran gira na tsone ido," in ji ta. "Na kai tsoho gaban jama'a an yi masa dariya."

Washegari da hantsi Injiniya ya zo shagonta da rigunan mawaƙa a cikin jaka. Na tsayar da kekena, don ba zan ɓoye ba, kunnena yana jikin kafar. Ya gaishe ta da ladabi, amma muryarsa a ɗaure.

"Mama, na san akwai takardar da aka rubuta a kaina. Idan ba ku son waƙoƙin, ai sai a kira ni a gaya mini. Ni ɗanku ne. Amma a tsakiyar Misa a taru a ja mini waƙa ƙasa, a gaban Fada?"

"Zauna, ɗana. Ka ɗauka faɗa muka zo yi?"

"To me zan ɗauka?"

"Sati biyar muna koyon waƙar nan. Kullum da safe. Baba Direba har a kan hanya yake yin ta. Mun so mu yi tare da ku ne. Laifin nawa ne, ni na koya musu a inda za su iya, ban zo na tambaye ka ba."

Na leƙa ta kafar. Yana zaune a kan bencinta, jakar a kan cinyarsa.

"Sati biyar?" ya ce. "Mama, shekara guda ina kallonku daga gaba, bakinku a rufe. Na ɗauka ƙi ne. Har na daina duban wajen."

"Mu kuma mun ɗauka kai ne ba ka son muryar tsofaffi ta ɓata maka aiki. Waƙoƙinka suna da kyau, amma ka rataye su inda hannunmu ba ya kaiwa. Na san ba laifinka ba ne, haka injin naka yake."

"Wane inji? Kibod? Ai yana sauka. Akwai maɓalli a gefe, in na danna sau uku duk waƙar ta sauko."

Yaya ta ajiye rigar da ke hannunta. "Yana sauka?"

"Yana sauka mana."

"Tela!" ta ƙwala mini kira. "Daina laɓe ki zo ki ji. Wai abin nan yana sauka!" Ta juya gare shi. "To don Allah me ya hana ka saukar da shi?"

"Babu wanda ya taɓa ce mini ya yi sama."

Mu uku muka yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na kawo mata ruwa. Mu mun ɗauka kibod kamar rediyo yake, abin da aka sa masa daga kamfani shi yake faɗa. Shekara guda ana jin haushin juna a kan maɓalli ɗaya.

Ya ce to ta gaya masa sau nawa zai danna, ya rubuta. Ta ce ba a rubutawa, domin na yau ba na gobe ba ne. "Ka zo Misar safe ka zauna kusa da ni. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba."

Ya zo kuwa, da kayan aikinsa a jiki da jakar sukundireba. Ta zaunar da shi a bencin ƙarshe ta ce ya gaida kowa, ya saurara. Bayan kowa ya shiga sai ta raɗa masa, "Wane ne shugaba yau?" Ranar farko ya nuna Ungozoma. Yaya ta ce, "Waccan? Numfashinta zai kai mu duka kabari ya dawo. Ba ka ji mai shara ta tsaya sau biyu kafin ta ce lafiya lau ba?" Ya yi kusan sati uku yana faɗuwa jarrabawa. Ungozoma takan ce masa, "Injiniya, yau ma an zo koyon gadi?" Shi kuma ya ce, "Gwaggo, ke na zo gadi, kada a sace mana ke."

Ba a gyara komai a dare ɗaya ba. Da ya gwada saukar da waƙoƙi a wurin koyo, wasu mawaƙan suka yi ƙorafi, suka ce an kashe wa waƙa haske, ta koma ta jana'iza. Suna da gaskiyarsu, su ma sun sha wahalar koyo. Daga ƙarshe aka tsaya a kan biyu: waƙar shiga da waƙar baiko na jama'a ne, za a sauke su, sauran kuma mawaƙa su hau benensu yadda suke so. Bencin baya ya fara motsi, da ɗar-ɗar, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ungozoma ta ci gaba da mitar ganga.

Amma Baba Direba bai dawo ba. Ko Misar safe ya daina. Injiniya ya je gidansa ya ba shi haƙuri, Baba ya ce babu komai, ya wuce, amma bai zo ba. Yaya kuwa jiki yana ta ja baya. Ta daina guga, ta daina fitowa da safe. Na je duba ta wata Juma'a, na same ta an jingina ta da matasai uku. Ta ce in je in gaya wa Baba Direba saƙo, kuma kada in gyara mata magana a hanya.

Na same shi a ƙofar gida yana wanke tsohuwar fitilar mota da ba ta da amfani. Na ce, "Baba, Yaya ta ce jibi za ta zo coci, kuma ba ta jin za ta sake zuwa. Ta ce ka zo ka zauna kusa da ita. Wai muryarta ta yi faci, tana neman wanda zai ja ta." Bai ɗago ba. Ya ce, "Haka ta ce, faci?" Na ce haka ta ce. Ya ci gaba da wanke fitilarsa.

Ranar Lahadi autarta ta kawo ta a mota, muka riƙe ta mu biyu har bencin ƙarshe. Wurin da ke damanta ta ajiye jakarta a kai, ba ta bari kowa ya zauna ba. Saura kaɗan a fara sai ga shi, da kwat ɗin nan, ya ɗan yamutse don babu mai goge masa. Ta ɗauke jakar ba tare da ta dube shi ba. Ta taɓa hannun kwat ɗin ta ce, "Wa ya yi maka wannan ta'asa?"

Sai Injiniya ya taso daga gaba, ya ratsa coci duka, ya durƙusa a gabanta.

"Mama, an tashi lafiya?"

"Lafiya," ta ja iska, "lau."

"Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi." Sai ta ƙanƙance ido. "Kai, ɗan nema. Ni kake aunawa?"

"Gaisuwa ce kawai, Mama," ya ce, ya tashi ya koma.

Lokacin baiko na ga ya yi wa mawaƙa magana, ya ɗaga wa mai ganga hannu ya dakata. Na ga yatsansa a gefen kibod yana dannawa, ban ƙirga ba. Da waƙar takalmi ta fito, ta fito a ƙasa ƙwarai, a hankali, kuma bayan kowace kalma uku sai ya ɗan tsaya, daidai inda Yaya ta tsaya tsakanin lafiya da lau. Mawaƙa talatin suka sunkuyo da muryarsu. Yaya ta buɗe baki. Ina jikinta, na ji ta, siririya kamar zare. Baba Direba ya shigo ta ƙarƙashinta, a hankali da farko, yana duban gaba, sannan ya sake. Na baya suka kama, na tsakiya suka kama. Da aka zo hawan bene babu wanda ya sare. Yaya ta yi layi biyu da rabi, sannan ta rufe baki ta jingina kanta da bango, ta juya kunnenta wajen dama. Hannunta yana cikin nawa, babban yatsanta yana tafiya yana dawowa a bayan hannuna kamar tana guga.

Bayan an tashi Injiniya ya zo. Ta ce masa, "Ka yi ƙasa da yawa. Ka ɓata wa yara waƙa don tsohuwa ɗaya."

"Ke kika ce shugaba ake bi."

"Baba Direba ya ci kalma ɗaya a baiti na biyu," in ji ta.

"Ƙarya take yi mini," in ji Baba Direba, yana goge ido da hularsa.

Bayan kwana goma sha tara ta rasu, da rana, autarta da ni muna wurin.

Yanzu duk Lahadi Injiniya yana tsayawa a bakin ƙofa kafin Misa yana gaida tsofaffi ɗaya bayan ɗaya. Baƙi suna ɗauka shi ne mai tarbar jama'a. Har yau akwai masu cewa ganga ta yi yawa, akwai masu cewa waƙar shiga ta yi sanyi, kuma ina jin haka za a yi ta yi. Amma bencin baya yana waƙa. Baba Direba ya koma wurinsa, ya bar gurbi kaɗan a hagunsa.

A Misar safe ni aka tura bencin ƙarshe, ba don na iya ba, sai don na fi kowa daɗewa ina jin ta ta bayan bango. Ina gaida kowa, ina saurare, ina kuskure. Yau da safe muna fita Baba Direba ya tsayar da ni a baranda ya ce, "'Yata, kin ɗauko ta da giya ta huɗu. Gobe ki fara da ta biyu." Na ce to, Baba. Na zo na buɗe shago.